Aibin Mutuminmu

Na san abin da ake faɗa muku a gari, domin kunnuwana suna nan kalau, ƙafafuna ne kawai suka yi ritaya. Ana cewa a shekarar da soja suka miƙa mulki, mahaifinku ya ci amanar jam'iyyar gidansu, ya je Lajawa ya tsaya gaban jama'a ya zagi ɗan takarar shugaban ƙasar da duk Wudil take so, har yayansa ya shekara ba ya yi masa magana. Wani ma ya ƙara gishiri, wai babur aka ba ni. Babur ɗin da ake nufi na saye shi tun lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuma duk wanda ya taɓa taya ni tura shi a kan gada ya san ba abin da za a sayi mutum da shi ba ne. Gabar kuwa kwana tara ce. Na ƙare ƙuruciyata ina gyara wa 'ya'yan mutane kuskure da jan biro, bari in gyara wannan ma kafin a kaɗa mini ƙararrawar tashi.

Baffanku Sale kun same shi ya tsufa, yana zaune a zaure yana juyo muku da kunnen dama. Ba ku san shi a kara ba, kasuwar shanu. Ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, shi ya gaji dillancin shanu, shi kuma ya tsaya kai da fata sai da na gama makarantar horon malamai, ko da yake bai taɓa fasa yi mini dariya ba, wai na zaɓi kiwon dabbar da ba a kai wa kasuwa. Ticha yake kirana, ko a gaban surukaina. A karar Wudil ran Juma'a, inda Fulani da fatake da masu lodin Kurmi suke cakuɗewa, an san shi da abu ɗaya: ba ya sallama dabba sai ya faɗi aibinta. Shari'a ce ta ce a yi haka, kowa ya sani, sai dai sani daban, yi daban. Shi zai dafa tozon bijimi ya ce, wannan yana tunkuyi, ko wannan ba ya son garma, ko wannan saniya ta yi ɓari bara. Sai ya yi shiru ya bar mai saye ya haɗiye, kana ya shiga yabo. Baba ne ya ɗora shi a kan haka, ya ce masa dillalin da aka tambayi aibi ya ɓoye, garwashi ya kai wa iyalinsa a matsayin cefane. Yaya kuma ya ƙara da tasa, yakan ce dabbar da ba ta da aibi ba ta zuwa kara, mai ita ba ya rabuwa da ita.

Kunnen hagun nan nasa siyasa ce ta ci shi. Tun yana saurayi, zamanin siyasar farko, ya bi wani mutum da ke yawo gari gari yana gaya wa talaka cewa shi ma mutum ne. Ba zan rubuta sunansa ba. A gidanmu ma ba a kiran sunan, Mutuminmu ake cewa, kamar yadda mace ba ta kama sunan mijinta. An kama Yaya a wurin laccarsa, aka yi masa bulala, wani ɗan doka ya ƙara masa da mari, ya yi wata uku a ɗaure, ya fito da kunne ɗaya. Saboda haka da soja suka ce za su koma bariki, Mutuminmu kuma ya fito neman shugabancin ƙasa, sai Yaya ya koma ɗan shekara ashirin. Ya liƙa hoton a zaure, ya liƙa a kekensa, da an bar shi da ya liƙa wa shanun mutane.

Ni ma nasa ne. Ku rubuta wannan ku ja layi a ƙarƙashinsa. Sai dai lokacin kuɗin mai ne, kuma ni a makaranta na ga kuɗin mai. Wanda jiya yake tallan goro yau ɗan kwangila ne, ya sayi mota mai sanyi kafin ya koyi sa hannu. Aka buɗe firamare a kowane ƙauye, aka ce kowa ya kawo ɗansa kyauta, jama'a suka kawo, sannan aka tuna ba a kawo benci ba. Ajin da aka gina mini ya tsage kafin damina ta biyu, har yara suna leƙen akuyoyi ta bango. Ga shi kuma ina karanta jaridu, na Hausa da na Turanci, karatun jarida kuwa yana sa wa mutum wata cuta, ba ya iya jin alkawari bai tambayi “da me?” ba. Ina da 'yan tambayoyina game da Mutuminmu, na ninke su na sa a aljihu, ba na fito da su ko a gaban madubi.

Zaɓe biyar aka tsara, Asabar bayan Asabar, a tsakiyar damina. An yi huɗu, jam'iyyarmu ta yi abin kirki a wajenmu, saura babban, wanda aka sa bayan mako biyu, azumi kuma ya kama. Ciyaman ɗin jam'iyya na gundumarmu ya rarraba mutane ƙauyuka, aka ba Yaya Lajawa, domin rabin shanun noman da ke can ta hannunsa suka bi. Yaya ya ce in kai shi a babur, in kuma yi wa jama'a bayani irin na masu karatu. Muka isa bayan la'asar, manoma sun taso daga gona, aka shimfiɗa tabarmi gindin wata tsamiya. Yaya ya yi magana mai daɗi, har shi kansa ya yi ƙwalla. Yana gamawa sai wani tsoho ya gyara zama, mutumin da ya daɗe yana sayen shanu a hannunsa.

“Sale,” in ji tsohon, “shekara nawa muna ciniki?”

“Allah kaɗai ya sani, Baba.”

“Ka taɓa ba ni igiya ba ka faɗa mini aibi ba?”

“Ban taɓa ba.”

“To, wannan da ka jawo mana yau, mene ne aibinsa?”

Aka yi dariya. Yaya bai yi ba.

“Wannan ba shi da aibi, Baba.”

Dariyar ta ɗauke. Duk wanda ke kan tabarmin nan ya taɓa jin abin da Yaya yake faɗa game da dabbar da ba ta da aibi. Na ga wasu sun sunkuyar da kai, na ga wani ya fara neman takalminsa. Tsohon ya juyo gare ni.

“Kai fa, Malam? An ce kai ka karanta takardu. Don girman watan nan, da bakin azumi, mutumin nan ba shi da aibi?”

Na sha tambayar kaina abin da ya kamata in yi. Ina iya cewa Allah ne masani, in yi tari, in duba agogo. Amma an haɗa ni da watan azumi, kuma a ganina taron yana zubewa ne saboda an ji ƙanshin ɓoye-ɓoye. Na ce a raina, bari in yi irin ta Yaya, in faɗi aibi a sami natsuwa, sannan in yi yabo. Niyyar ba ta da laifi. Abin da na manta shi ne, ni ba dillali ba ne. Dillali kalma uku yake faɗa ya tsuke baki. Malamin makaranta kuwa in ka yi masa tambaya, ya ɗauka jarrabawa ce.

Na miƙe, na gyara riga. Na ce mutumin kirki ne, amma duk rayuwarsa a cewa a'a ya ƙare ta, wanda ya ƙware a rushe katangar zalunci kuwa ba lalle ne ya iya ɗora tubali ba. Na ce yana son talaka, amma alkawuran kyauta sun yi yawa, ni kuwa na ga kyauta da idona, tana zaune a ƙasa ba benci. Na kawo misali da bangon ajina. Na ce muryarsa tana da ƙarfi, amma ban tabbata ta ƙetare manyan kogunan nan ta isa Kudu ba, ƙasar kuwa ba a Wudil ta tsaya ba. Na ce shekaru sun ja, jiki ba ƙarfe ba ne. Kowane aibi sai da na yi masa shimfiɗa, na kawo dalili, na maimaita don na baya su ji. Ina jin daɗin kaina ƙwarai. Ban lura rana ta yi ja ba, ban lura mata sun fara aiko da ƙoƙunan kunu ba. Ina isowa wurin da na tanada tun farko, inda zan ce duk da haka shi zan zaɓa, ku ma shi za ku zaɓa, domin shi kaɗai ne a cikinsu bai taɓa cin ƙwandalar kowa ba, sai ladan ya ɗaga murya. Na faɗi maganata mafi muhimmanci ga bayan mutane da tabarmi uku.

A hanyar dawowa Yaya ya hau bayana, don ba wata mota. Kullum kafaɗata yake dafawa. Ran nan ƙarfen baya ya riƙe, har Wudil, duk ramukan hanyar nan.

Tun rasuwar Baba akushi ɗaya muke ci ni da shi a zaure. Washegari da magariba na fito da buta, na tarar an ajiye kwano biyu, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan, shi kuma ya zauna ya ba ni kunnen hagu. Ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan kwano. Mutumin da ya ɗauke ni a wuya ya kai ni kallon kamun kifi, ya sayar da karsanarsa ta farko ya yi mini akwatin makaranta, yau yana shan kunu yana kallon bango. Na koma ciki na zauna. Mahaifiyarku ta dube ni, ta riga ta ji labari a wurin masu kawo nono, kafin ma in iso gida an rigaya an raɗa mini suna Malam Amma, saboda yawan “amma” da na jera.

“Malam,” ta ce, “an tambaye ka hanya, ka ba da tarihin garin.”

“Ƙarya na faɗa?”

“Ina fa. Ai da ƙarya ce da ka gama da wuri.”

Yaya mutum ne mai tsoron Allah, ya san bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba. Saboda haka ya yi lissafinsa tsaf. Duk ranar ta uku, in mun haɗu a ƙofar gida, sai ya tsaya ya ce salamu alaikum yana kallon katanga, in amsa, ya wuce. Sallama biyu na samu a haka, kowacce a kan lokacinta. Ban taɓa ganin fushi mai bin ƙa'ida irin wannan ba.

Ciyaman kuma ya aiko a kira ni. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce abin ba wuya, ran Juma'a za a kafa lasifika a bakin kara, in hau mota in ce yunwar azumi ce ta sa harshena ya zame, Mutuminmu ba shi da aibi ko na ƙwayar zarra. Ya tuna mini, cikin ladabi, cewa sabuwar gwamnati za ta buƙaci masu ilimi a ofishin ilimi, kuma an riga an rubuta sunana da fensir. Na ce masa zan hau mota, zan ce shi zan zaɓa, zan faɗi dalili, wannan karon a taƙaice. Amma ba zan ce ba shi da aibi ba, don ɗalibaina suna cin kasuwar nan, ranar Litinin kuma ni zan tsaya gabansu in ce kada su yi ƙarya. Ya ce fensir yana gogewa. Na ce na sani, ni nake raba wa yara magogi. Wannan amsa ta yi mini daɗi a baki na kusan minti biyar. Sauran shekarun kuwa kun san su, kun tashi a gidan malamai na Achika, kun ga abokan karatuna suna wucewa a mota suna ɗaga mana hannu. Ban ce ban taɓa yin da-na-sani ba. Mahaifiyarku ta ji shi sau da yawa, musamman ƙarshen wata.

Kakarku Inna ita ta kashe wutar, ba kuma don ta damu da shugaban ƙasa ba. A shekarar ne matan gidanmu suka fara fita zaɓe. Yaya ya yi mata rajista da kansa, amma ta ƙi fita huɗun farko, ta ce ita ba akuya ba ce da za a riƙa kora ta kowace Asabar, sau ɗaya za ta fita, a babban. Ranar Juma'ar jajiberin zaɓe, bayan an tashi daga kara, ta aika a kira mu. Muka tarar da ita a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, katin zaɓen yana ɗaure a bakin zanenta. Muka durƙusa, kowa da nasa gefe. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa ba, mutumin kara take ce masa.

“Isyaku, an ce ka je ƙauye ka yi wa mutane darasi har kununsu ya huce.”

“Haka ne, Inna.”

“Allah ya shirye ka. Ubanku ma in ya fara labari sai kaji sun shiga akurki.” Ta juya. “Kai kuma, mutumin kara, gobe kake so in je in dangwala wa mutuminku?”

“In Allah ya kai mu, Inna.”

“To ni ban iya cinikin biri a sama ba. Ko kaza ban taɓa saya ban busa gashinta ba. Na ji na wannan, bakinsa duk takarda ne, ban gane rabi ba. Kai ka san mutumin, kai ka bar kunnenka a wurinsa. Faɗa mini aibinsa.”

“Inna, wannan ai ba maganar kara ba ce.”

“Au, a kara ne kawai ake jin tsoron Allah?”

Ta ɗago ta dube shi.

“Ni na tambaye ka. Ka san abin da ubanka ya ce game da wanda aka tambaya ya ɓoye. In ka ce mini ba shi da shi, shi ke nan, na yarda, in je in dangwala, nauyin yana wuyanka.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta kamar ba ita ta yi magana ba. Ni dai na ƙura wa ƙasa ido. Muka daɗe a haka, har wata kaza ta zo ta saci wake ta tafi ba wanda ya kore ta. Da Yaya ya buɗe baki, muryar ba irin ta kara ba ce.

“Ba ya iya zaɓen mutane,” ya ce. “Duk wanda ya zo ya yi kuka a gabansa, ya yarda da shi. Da ya zo garin nan kwanan baya, kin san su wa ke zaune kusa da shi? Har da ɗan mutumin da ya sa aka ɗaure mu. Yanzu ɗan kwangila ne, shi ya kawo kujerun. Mu muna tsaye a rana, bayan igiya.”

“Ya gan ka?”

“Ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga wa.”

“Shi ke nan aibin?”

“A'a.” Ya share fuska da hannun riga. “Inna, ni tsoro nake ji ya ci.”

Na ɗago kai. Bai dube ni ba.

“Shekara ashirin da biyar ina son mutumin nan ba shi da komai, daga rigarsa sai bakinsa. Ban taɓa ganin sa da mabuɗin taska a hannu ba. Na ga abin da kuɗin nan suka yi wa mutanen da muka yi sallah sahu ɗaya da su. In ya hau, waɗancan suka kewaye shi, aka wayi gari 'yan dokarsa sun mari ɗan wani, ni kuma in ce don me na ba da kunnena? Abin da wannan ya faɗa a Lajawa,” ya nuna ni da haɓa, “ai wasan yara ne. Benci! Wa yake ta benci? Haushin da na ji, shi ya iya buɗe baki ya faɗi nasa, ni nawa ko matata ban iya gaya wa ba.”

Inna ta kaɗa faifai, ta hure ƙaiƙayi.

“To gobe wa za ka dangwala wa?”

“Shi mana, Inna. Wa kuma nake da shi?”

“Kai fa, sarkin surutu?”

“Shi, Inna.”

“Ikon Allah. Sa ɗaya kuke ja, igiya ɗaya, kuna harbin juna. To na ji aibi, na saya. Ku tashi ku ba ni wuri. Kuma kwanon nan biyu da nake gani a zaure, wanki yake ƙara wa matanku, ban son sake ganin sa.”

Mun kai bakin ƙofa ta kira mu. Ta ce tawadar da ake dangwalawa, tana hana alwala? Na fara yi mata bayani. Yaya ya ce, “A'a, Inna,” ya ja hannuna muka fita. Wannan ne karo na farko da ya taɓa ni cikin kwana tara.

A zaure ya tsaya, ya juyo mini da kunnen dama.

“Ticha, abin da ka ji a ciki.”

“Ban ji komai ba, Yaya.”

“Ka ji. A nan zai tsaya. Mutane da yawa a garin nan ni suke kallo su yi haƙuri da wahalarsu. Kuma ka sani, a waje ba zan kare ka ba. In an ce Malam Amma, ni ma zan ce.”

Ya kuwa cika alkawari. Shekara da shekaru, in na ratsa ta kara, muryarsa ce ta fi ta kowa tashi. Da magariba kuma, in ina gida, ya tura mini tsokar da ta fi girma gabana.

Washegari muka raka Inna rumfar zaɓe, ta shiga layin mata da sabon mayafi, ta fito tana duban babban yatsanta kamar an ba ta aron sa. Ta ce da ta san abin bai wuce haka ba, da ba ta yi wanka ba. Ni na dangwala wa Mutuminmu, da duk tambayoyina a aljihu. Har yau ban ga abin kunya a ciki ba. Wanda ya ce sai ya sami ɗan takarar da ba shi da aibi zai fita zaɓe, ya nemi tabarma mai laushi, zaman zai yi tsawo.

Aka yi kwanaki ana jiran sakamako. Ranar da aka faɗa, muna zaure da rana, mu biyu, rediyo a tsakaninmu, Yaya ya manna mata kunnensa mai ji. A wajenmu Mutuminmu ya yi rinjaye, a ƙasa baki ɗaya kuwa wani ne ya ci. Unguwa ta yi tsit. Can sai muka ji wata mata a maƙwabta ta fashe da kuka. Yaya ya kashe rediyon, ya ɗora hannu biyu a ka, hawaye yana bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka haka ba, ko ranar da muka binne Baba. Na matsa kusa da shi na zauna kawai.

“Sun hana mu, Ticha,” ya ce. “Talaka ya sake kwana a waje.”

“Sai haƙuri, Yaya.”

Ya daɗe yana kallon hoton da ke jikin bango. Sannan ya ja dogon numfashi, irin na wanda ya sauke buhu, ya leƙa ƙofa ya ga ba kowa, ya rage murya.

“Amma ka ga yanzu, ba mai ɓata mini shi.”

Ya share ido, ya nuna ni da yatsa.

“Ka faɗa wa wani, ni da kai har Mahadi ya bayyana.”

Ban faɗa ba. Na bar gari ya ce ni ne mai shakka a gidanmu, shi ne mai yaƙini, domin sunan bai fi ƙarfina ba, shi kuwa da ya karya shi. Yanzu ƙasa ta rufe masa ido, waɗanda yake jin nauyinsu duk sun bi shi, saura ni. Ku ba 'ya'yansa su karanta wannan babi tun kafin kowa, su san ubansu ya ga abin da na gani, har ya fi ni gani, ya kuma fita ya dangwala hannunsa bai yi rawa ba. Faɗan da zai yi mini kuwa ku bar ni da shi, na kusa zuwa in karɓa da kaina.